Mena ta mata: ba a fafe gora ranar tafiya

Abubuwa biyu sun faru a shekara ta 1991 waɗanda a lokacin ba wanda ya ga abin da ya haɗa su. Ran 13 ga watan Mayu, mata masu ɗimbin yawa suka fito kan titunan Yamai suna neman a ba su gurbi a kwamitin da ke shirya babban taron ƙasa, domin mace ɗaya tak aka sa a cikinsa. Hukuma ta saurare su, aka ƙara musu kujeru, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar. A watan Nuwamba na wannan shekara, can ƙasar Sin, aka buɗe gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta mata karo na farko, Najeriya kuwa ita ce ta wakilci nahiyar Afirka. Tun wancan lokaci matan Nijar suka shiga zauren shawara, dokar kaso ta shekara ta 2000 kuma ta ƙara buɗe musu ƙofar majalisa da ta gwamnati. Amma filin ƙwallo, sai da aka yi shekara 16 kafin ƴan mata su sa rigar ƙasa su shige shi. Abin da ya biyo baya ya cancanci a karanta shi da natsuwa, kamar yadda ɗan kasuwa yake karanta littafin bashi a ƙarshen shekara.

Ga abin da littafin ya ƙunsa. A watan Satumba na 2007, a wata gasa da aka yi a Wagadugu, ƙungiyar matan Nijar ta yi wasanta na farko da Barkina Faso, aka ci ta 10 da nema. Bayan kwana huɗu suka sake haɗuwa, aka ci ta 5 da nema. Daga nan sai aka yi shekaru ba a jin ɗuriyarta. A watan Fabrairu na 2018 ta bayyana a Abijan, a gasar mata ta shiyya ta biyu ta ƙasashen Afirka ta Yamma, inda Gana ta ci ta 9 da nema. Shekara ta zagayo aka koma Abijan, ran 11 ga watan Mayu na 2019, kwana biyu kafin bikin ranar matan Nijar, Najeriya ta zura mata ƙwallo 15 ba ta rama ko ɗaya ba. Wannan ita ce asara mafi girma a tarihin ƙungiyar.

Sai kuma wasannin share fagen shiga gasar cin kofin Afirka, waɗanda ake yi gida da waje. A watan Oktoba na 2021 Kwaddibuwa ta fitar da Nijar da ci 9 da nema da kuma 11 da nema, jimla 20. A watan Satumba na 2023 Tunisiya ta fitar da ita da jimlar ci 12 da 1. A watan Fabrairu na 2025 Gambiya ta fitar da ita da jimlar ci 4 da 1. Wasa shida ke nan a zagaye uku, duka an sha kashi, an zura wa Nijar ƙwallo 36, ita kuwa ta zura 2. Ba ta taɓa kaiwa ga gasar ƙarshe ta Afirka ba, balle a yi zancen ta duniya.

Duk mai adalci zai lura da cewa tazarar tana raguwa, daga 20 zuwa 11 zuwa 3, kuma ƴan wasan da suka tsaya wa Gambiya har suka zura mata ƙwallo sun cancanci yabo. Sai dai adalcin nan shi ne kuma yake tilasta a faɗi cewa Gambiya ba tsarar Kwaddibuwa ba ce a wannan fage, don haka raguwar tazara ba ta isa a yi guɗa ba tukuna.

Idan irin wannan sakamako ya iso a rediyo, magana biyu ake ji a bakin kasuwa da inuwar ofis. Wasu su yi dariya, su ce ai an sani, ƙwallo ba aikin mata ba ne. Wasu su ce an zubar da mutuncin ƙasa, gara a rufe ƙungiyar a huta. Wannan jarida ba ta tare da ko ɗaya daga cikinsu. Ci 15 da nema ba ya faɗin komai game da ƙarfi ko basirar ɗiyar Nijar. Abin da yake faɗi shi ne yawan shekarun da aka bari suka wuce ba a shuka komai ba. Yarinyar da ta tsaya a raga ran nan a Abijan ta fuskanci ƙungiyar ƙasar da ta halarci kowace gasar duniya tun 1991, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a 1999, kuma a watan Yuli na 2025 ta ɗauki kofin Afirka karo na goma bayan ta doke Maroko 3 da 2 a Rabat. Wanda ya tura ɗan koyo ya kara da gwanin gwanaye, shi ya kamata a yi wa tambaya in aka kayar da yaron.

Ana iya cewa Najeriya babbar ƙasa ce mai arziki da yawan jama'a, gwada ta da Nijar rashin adalci ne. To, a dubi Barkina Faso. Ƙasa ce ta Sahel, ba ta da teku, talaucinta da rashin tsaronta ba ɓoyayyu ba ne, kuma a fili ɗaya ta tsaya da Nijar a 2007. Bayan shekara 15, a 2022, matan Barkina suna Maroko cikin ƙasashe 12 da suka yi gasar ƙarshe ta Afirka. Mali ta zo ta huɗu a gasar 2018. Senegal ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a 2022. Ƙasashen nan uku maƙwabta ne ko ƴan uwa, biyu daga cikinsu kuma musulmi ne suka fi rinjaye ƙwarai kamar a nan. Bambancin da ke tsakani ba a cikin jini yake ba, a cikin shiri yake.

Ba kuma za a ce Nijar ba ta iya shiri ba, domin ta nuna ta iya a lokacin da ta ga dama. Mena ta maza ta je gasar Afirka a 2012, ta tsallake rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, ta kuma koma a 2013. Ƙasar nan ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, ta ƴan ƙasa da shekara 20 kuma a 2019, a Yamai da Maraɗi. Yaran Nijar sun je gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Indiya a 2017, har suka tsallake zagayen farko. A farkon 2023, a Aljeriya, Mena ta ƴan wasan cikin gida ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A fagen tekwando, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo lambar azurfa daga Riyo a 2016, Tekiath Ben Yessouf kuma, mace, ta kai har wasan neman lambar tagulla a Tokiyo. Inda aka zuba horo da lokaci, an ga amfani. Ƙwallon mata ne aka bari a baya, ake tunawa da shi in takardar gayyata ta iso.

Domin a gane inda matsalar take, ba Yamai ya kamata a duba ba, sai a dubi gari irin Gure. Gure tana gabas da Damagaram, kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, fiye da kilomita dubu daga babban birni. Tsohuwar cibiyar sarautar Muniyo ce, kasuwar dabbobi da dabino da kanwa, mahaɗar Mangawa da Hausawa da Tubawa da Fulani. Arewa da ita, wajen duwatsun Termit, nan ne ɗaya daga cikin wuraren ƙarshe da mena ta gaske take rayuwa, wato doguwar barewar nan fara mai jan wuya da ƙungiyoyin ƙasa suka ari sunanta. A 2012 gwamnati ta keɓe yankin Termit da Tin Tumma domin kada ita da sauran namun dajin su ƙare. Ke nan sunan ƙungiyar daga wannan ɓangare na ƙasa ya fito. Tambayar da ta dace ita ce: yarinya ƴar shekara goma a wata makarantar firamare ta Gure, mai gudu da kuzari, wace hanya ce za ta bi ta kai ga rigar Mena? Wa zai gan ta? A wace gasa? Ƙarƙashin kulawar wa?

Tambayar tana da nauyi saboda lokacin ɗiya mace a ƙasar nan gajere ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Ƴar wasan da za ta iya karawa da Kwaddibuwa tana da shekara 20, dole ta fara taɓa ƙwallo tana da 10 ko 11, ta yi ta wasa mako bayan mako har ƙafarta ta saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ta bar makaranta tana da 13, zancen ya ƙare tun ba a fara ba. Saboda haka maganar ƙwallon mata da maganar zaman ɗiya mace a makaranta magana ɗaya ce. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 kan kare yarinya mai karatu da tallafa mata. A 2021 kuma, lokacin da gwamnatin Mohamed Bazoum ta yi alkawarin gina gidajen kwana na ɗalibai mata, gidan da ke Kelle, cikin gundumar Gure, shi aka riƙa ba da misali da shi. Wuri irin wannan, inda ƴan mata ke zaune tare cikin katanga ƙarƙashin kulawar mata, shi ne ainihin wurin da ƙungiyar ƙwallo take iya tsira ba tare da hankalin iyaye ya tashi ba. Fili da ƙwallo da malama mai horo kawai yake bukata.

Kulob na mata akwai su, gasar ƙasa ma ana yi. A 2021 ƙungiyar matan AS Police ta Yamai ce ta wakilci Nijar a wasannin share fagen kofin zakarun Afirka na shiyya. Abin yabo ne da rundunonin masu kaki suke riƙe da ƙungiyoyin mata. Amma ƙasa mai jaha takwas ba za ta dogara da abin da babban birni yake samarwa shi kaɗai ba. In kogin da ake kamun kifi ƙarami ne, komai gwanintar masunci abin da zai kamo kaɗan ne.

Abin mamaki shi ne ƙasar nan tana da tsarin da ya warware irin wannan matsala tun tuni. Tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa. Ɗan kokawa yana farawa a dandalin ƙauyensu bayan girbi, ya yi fice a gunduma, a zaɓe shi cikin goma na jaharsa, ya je ya nemi takobi a gaban ƙasa baki ɗaya, gasar kuma tana zagaya jahohi bi da bi. Tsani ne mai hawa hawa, wanda ɗan ƙauye mafi nisa ya san matakinsa na farko. Ba daga Turai aka aro shi ba. Abin da ƙwallon mata ya rasa ke nan: matakin farko.

Akwai masu ƙin abin saboda addini da kunya, kuma ba daidai ba ne a yi musu kallon jahilai. Uban da ba ya son ɗiyarsa ta fita da gajeren wando gaban taron maza, ko ta yi tafiyar kwana biyu da mutanen da bai sani ba, yana da hujjarsa, kuma tarbiyyar ƴaƴansa haƙƙinsa ce. Amma yawancin abin da yake tsoro yana da magani. Tun 2014 dokokin ƙwallo na duniya suka amince mace ta yi wasa da kanta a rufe, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da hijabinta. Dogon wando da riga mai dogon hannu ba su hana gudu. Ana iya yin gasar makarantu cikin katanga, mata su yi horo, mata su yi alƙalanci, mata su yi rakiya. Malamai da kansu suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da ake bukata shi ne a zauna da limamai da sarakuna da iyaye tun kafin a buga ƙwallon farko, a ji sharuɗɗansu, a kuma cika su. Masu ganin cewa ƙin ƙwallon mata halin ƙasashen musulmi ne kawai, su tuna cewa hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata filayenta daga 1921 har 1971, Brazil kuma ta haramta musu wasan da doka daga 1941 zuwa 1979. Maroko kuwa, ƙasar musulmi, ta tsara shirin bunƙasa ƙwallon mata a 2020 tare da biyan ƴan wasa albashi, ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 2022, ta tsallake zagayen farko na gasar duniya a 2023.

Akwai kuma masu cewa ƙasar da ke fama da fari da tsadar hatsi da rashin tsaro ba ta da kuɗin ɓatawa a kan wasa. Maganar tana da kama da gaskiya, sai dai ta manta da wani abu. Kaso mai yawa na kuɗin ƙwallo ba daga baitulmali yake fitowa ba. Tun 2016 hukumar FIFA take raba wa hukumomin ƙasashe kuɗin bunƙasa wasa, kuma a zangon 2023 zuwa 2026 kowace hukumar ƙasa tana iya samun har dalar Amurka miliyan 8, wani ɓangare bisa sharaɗin tana shirya gasar mata. A 2020, lokacin annobar korona, FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙasa dalar Amurka 500,000 domin ƙwallon mata kaɗai, abin da ya haura sefa miliyan 250. Kuɗi ne da ba a iya sayen gero da su, ba a iya biyan albashin malamai da su. Ko a kashe su a kan ƴan mata, ko a rasa su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan jarida ba ta zargin kowa da cin komai. Abin da take nema shi ne lissafi a fili, irin wanda ake nema daga kowace ma'aikata. Kanar-Manjo Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya karɓi shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, a 2009, kuma a watan Maris na 2025 aka zaɓe shi cikin majalisar FIFA. Daraja ce ga Nijar, amma daraja mai nauyi a kai. Wanda ya zauna a teburin da ake yanke shawarar ƙwallon duniya, shi ya fi kowa sanin abin da ake tsammani daga ƙasarsa.

Saboda haka ga abin da ya kamata a yi. Na farko, FENIFOOT ta riƙa buga wa jama'a kowace shekara adadin kuɗin da suka shigo da sunan ƙwallon mata, da yadda aka raba su jaha jaha, da yawan ƴan wasa mata masu rajista a kowace jaha. In Damagaram da Diffa da Agadas ba su samu komai ba, a gani a rubuce. Na biyu, ma'aikatar wasanni da ta ilimi su kafa gasar ƴan mata ta makarantu bisa tsanin kokawa, daga gunduma zuwa jaha zuwa ƙasa, a lokacin sanyi, wasan ƙarshe kuma ya riƙa zagaya jahohi. Na uku, makarantar horar da malaman wasanni ta Yamai ta ware gurabe ga mata daga jahohi, bisa sharaɗin su koma garuruwansu su yi aiki, domin uwa ta fi sakin jiki in ta san wadda ta miƙa wa ɗiyarta. Na huɗu, kada ƙungiyar ƙasa ta sake zama sai ranar gasa ake tara ta. Wasannin sada zumunta da Benin da Togo da Barkina Faso sun fi mata amfani da a bar ta shekara biyu a kwance sannan a tashe ta a jefa ta gaban gwanaye.

Ba hukuma kaɗai ke da aiki ba. Ƴan kasuwar Damagaram da Gure sun saba yi wa ƴan kokawa kyauta ta bajinta, doki ko babur ko buhunan hatsi, kuma sunansu yana fita a bakin maroƙa. Kofi ɗaya na makarantun ƴan mata na gunduma, da riguna masu sutura da ƙwallaye, bai kai kuɗin kyautar dare ɗaya a filin kokawa ba. Ma'aikatan gwamnati kuwa, daga shugaban makaranta zuwa sufeton ilimi zuwa magajin gari, a hannunsu filin yake, a hannunsu jadawalin darasi yake. Awar motsa jiki tana cikin tsarin karatu tun da daɗewa. Ya rage gare su su tabbatar ba a mayar da ita awar shara da ɗebo ruwa ga ƴan mata ba, alhali samari suna fili suna wasa.

Za a sake jefa ƙuri'ar wasannin share fage, kuma sunan Nijar zai sake fitowa kusa da na wata ƙasa da ta shirya. Zaɓi biyu ne a gaban masu riƙe da al'amarin. Ko su ci gaba da tara ƴan mata a gurguje, a rataya musu tutar ƙasa, a bar su su ɗauki kunyar da ba tasu ba ce, ko su karɓi gaskiyar cewa ƙungiyar da za ta yi nasara nan da shekara goma, ƴan wasanta yanzu suna aji uku da aji huɗu a Gure da Kelle da sauran garuruwa irinsu, su je can su fara aiki. Na biyun ya fi wahala, ba ya kuma kawo hoto a talabijin da wuri. Amma shi kaɗai ne zai sa wata rana a ji sakamakon Mena ta mata a rediyo, kasuwa ta ɗauki sowa.